Kawuna Hamsin da Bakwai na Delbert

Duk ranar Talata da safe muke taruwa a ɗakin ƙasan cocin da ke bayan gidan waya, mu ashirin da 'yan kai idan ƙanƙara ba ta toshe hanya ba. Kowa da akwatin wuƙaƙensa, da safar hannu, da guntun farin iccen nan mai laushi da ake sarowa a dazuzzukan arewacin Minnesota. Fuskokin zolaya muke sassaƙawa: tsohon manomi mai haƙori ɗaya, mai kamun kifi yana shirga ƙarya, limamin coci yana gyangyaɗi. Sunana Noreen. Na shiga ƙungiyar shekara tara da suka wuce, bayan na ajiye tuƙin motar 'yan makaranta, kuma har yau idan na sassaƙa mutum sai an tambaye ni ko kare ne.

Marlys Hovland ta riga ni shiga ɗakin nan da shekara ashirin da biyar, amma ban taɓa ganin ta zauna a teburin sassaƙa ba. Wurinta yana can kusurwa, gefen tukunyar gahawa. Ita ke dafawa, ita ke yanka kek ɗin lemun tsami, ita ke share ɓarɓashin icce idan an tashi. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, kullum da rigar sanyi mai maɓallai a gaba. A gonar shanu aka haife ta. Mahaifinta ne ke yi wa maƙwabta yanka da fiɗa idan kaka ta yi, kuma da yake ita ce babba, ba namiji a gidan, tun tana shekara tara ita ke wasa masa wuƙaƙe. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta auri Delbert. Ta yi shekara ashirin da shida tana ɗinki a masana'antar safar hannu har aka rufe ta. 'Yarsu ɗaya, tana can Denver, sai Kirsimeti ake ganin ta.

Delbert, wanda kowa ke kira Del, shi ne gwanin ƙungiyarmu. Ƙato ne mai babbar murya, ya yi shekara talatin da takwas yana jan tankar madara daga gona zuwa gona. Ya iya hanci, ya iya baki, ya iya tamojin goshi, amma abin da ya fitar da sunansa har jihohi uku shi ne ido. Idan ka ɗauki kan da Del ya sassaƙa sai ka ga yana kallon ka kamar ya san abin da ka yi jiya. A wurin baje koli mutane sukan tsaya su yi shiru a gaban teburinsa. Ƙyallayen lambar farko da ya ciyo sun rufe bango guda a falonsu.

Bai taɓa yarda ya koya wa kowa ido ba. Zai zauna tare da mu ya fitar da kai tsaf, ya bar wurin idanu a dunƙule kamar ƙananan ƙwai biyu, ya jefa shi a aljihu. Talata mai zuwa sai ya dawo da shi yana kallon jama'a. Idan an matsa masa ya nuna, sai ya ce ido ba a yin sa cikin hayaniyar tsofaffi masu tari. Vern Kuchera, shugabanmu, tsohon kafinta, ya yi shekara talatin yana zuwa na biyu a bayansa, kuma ya yi shekara talatin yana kiran sa marowaci a gaban idonsa. Su yi ta tsokanar juna, sannan su tafi kamun kifi a mota ɗaya.

Ni dai gaskiya Del bai taɓa kwanta mini a rai ba. Na tsani yadda yake nuna matarsa da haɓa ya ce ga mai fentinsa can. A wurinmu ba baƙon abu ba ne miji ya sassaƙa mace ta shafa fenti, ma'aurata da yawa haka suke yi. Amma shi idan ya faɗa sai ka ji kamar yana maganar na'urar wanke kwano. Ita kuwa ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da goge kofuna.

A watan Satumba ciwon zuciya ya kwantar da Del, bai sake riƙe wuƙa ba. A Nuwamba muka binne shi.

Muna da al'ada a ƙungiyar. Idan ɗayanmu ya rasu ba a zubar da aikin da bai gama ba. Ana kwaso shi a raba, kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu ya ƙarasa, ya yi masa jiki, ya shafa fenti, sannan ya ƙona sunansa da zazzafan ƙarfe a ƙasan iccen kusa da na mamacin. Idan bazara ta zo a jera su a tebur guda a wurin baje koli, da hoton mutumin a tsakiya. Talata ta biyu a watan Janairu Vern ya buga cokali a kofi ya tashi. Ya ce lokacin da ya je duba Del a asibiti, Del ya riƙe masa hannu ya ce akwai kawuna hamsin da bakwai a akwatuna a garejinsa, a raba wa 'yan ƙungiya. Ya juya ya tambayi Marlys yaushe za a zo a ɗauka.

Ina kusa da ita, na ga yadda ta ajiye butar gahawar a hankali da hannu biyu. Ta ce garejin ya yi sanyi, kuma kaya sun tare akwatunan, a ba ta zuwa Talatar farko ta watan Maris, ita da kanta za ta kawo. Kowa ya ce ba komai, ba gaggawa. Ni na ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Ranar Alhamis na kai mata miyar kaza da rana. Na buga ƙofar gaba shiru, sai na zagaya ta baya na tura ta kicin, yadda muka saba yi a garin nan. Labule a sake, fitila mai rawayan haske a kunne da tsakar rana. A kan tebur, da kantar girki, har kan murhu, kawuna ne a jere. An gama musu komai, gashi, kunne, haƙora, gemu, amma ba ɗaya mai ido. Duk suna fuskantar ƙofa da dunƙulen icce biyu a ƙarƙashin gira. Ita kuma tana zaune a tsakiyarsu da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya, wuƙa a hannunta.

Ba ta ɓoye ba, don ba inda za ta ɓoye. Ta ce in rufe ƙofa sanyi na shigowa, in zauna. Na zauna da tukunyar miya a cinya ina kallo. Ta soka bakin wuƙa a kusurwar ido ta ciro ɗan tsinken icce da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta yi haka a ɗaya kusurwar. Sannan ta ja layin fatar ido ta sama da yanka ɗaya, ba ta ɗaga hannu ba, ta zagaye ƙwayar, ta ɗan kwarzane ƙasa ta fitar da kumburin tsufa. Ta hure ƙura. Wani tsoho mai hular farauta ya buɗe ido ɗaya ya harare ni. Idon Del ne, wanda na yi shekara tara ina kallo ina jin haushin kaina.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun farko," ta ce. "Bai taɓa yin ko ɗaya ba, Noreen. Ki ajiye tukunyar nan kafin ki ƙona kanki."

Ranar ta ba ni labarin, tana yi tana aiki. Shekarar da Del ya fara zuwa ƙungiya ya lalata kawuna goma sha ɗaya a jere, duk a wurin ido. Hannunsa bai da matsala, amma da ya zo nan sai ya kafe, ya danna wuƙa da ƙarfi, fatar idon ta ɓalle. Na goma sha biyun ya jefa a kwandon shara ya ce ya bar sassaƙa. Da ya fita aiki ta tsince shi, ta wasa 'yar wuƙar feren dankali, ta yi masa idanu, don kawai ta ga ko za ta iya. Ya dawo ya same shi a kan tebur. Ya daɗe yana juya shi. Ranar Talata ya sa shi a aljihu ya tafi, ya dawo yana fito.

Daga nan abin ya zama musu ɗabi'a. Bayan karin kumallo sai ya turo kan da ya sassaƙa kusa da kofinta, ya tashi ya je taga yana duba sama, wai yana ganin ko za a yi ruwa. Bai taɓa cewa ta yi masa ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta yi ba. Shekara talatin da huɗu ba su taɓa kiran abin da sunansa ba, sai sau ɗaya.

Sau ɗayan nan shi ya tara waɗannan kawunan. Shekara shida da suka wuce, suna dawowa daga wani babban baje koli da ƙyalle a kan kujerar baya, ta ce masa me zai hana ya riƙa ƙona ɗan harafin farkon sunanta a ƙasa, ƙarami, inda ba mai lura. Ya yi dariya ya ce to me zai gaya wa Vern. Tun daga Disamba har Afrilu ba ta taɓa wuƙa ba. Kullum ya turo kai kusa da kofinta, ta ɗauke kofin ta bar kan. Shi kuma ya gaya wa ƙungiya wai yana gwada sabon salo a gida, ya ci gaba da sassaƙa kawuna yana tarawa a akwati. Da ta sauko ta koma yi masa, ciwon gaɓɓai ya riga ya kama yatsunta. Ba ta iya fiye da biyu a wata, shi kuwa ya yi ritaya, hannunsa ba ya hutawa. Haka tarin ya yi ta ƙaruwa. Kuma Del mutum ne mai ƙona sunansa da kwanan wata a ƙasan kowane kai da zarar ya gama nasa ɓangaren.

Na gane abin da ke damun ta. Kai ɗaya ko biyu marasa ido, kowa zai ce mutuwa ce ta katse aiki. Hamsin da bakwai, da kwanan watan shekara shida a ƙasansu, ko Duane, sabon shiga da ke yanke yatsa duk sati, zai gane.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce ta kai su yadda suke ta zube a tebur kowa ya gani. Na ce nan da bazara Duane, wanda bai iya wasa wuƙarsa ba, zai manna wa ɗaya jiki ya ƙona sunansa kusa da na Del, ita kuwa da ta yi ɗaruruwan idanu ba ta da ko harafi. Na faɗi wasu maganganu a kan mamacin da bai kamata a faɗa a gidansa ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta tashi ta buɗe aljihun tebur ta ciro wasu dogayen sanduna shida na icce ta ajiye a gabana. Irin sandunan da muke koyo da su ne, a jera ido bayan ido daga sama har ƙasa. Waɗannan kuwa ba wanda ya yi kama da ido. Wani kamar an tsaga gyaɗa, wani an huda shi har ya fashe, wani wurin ka ga inda aka caccaka da haushi. Ta ce a bayan firij ɗin gareji ta same su bayan jana'iza. Kwanan watan da ke jiki na lokacin sanyin nan ne da ta yi yaji. Yana zuwa gareji ya rufe kansa yana gwadawa, wata biyar, yana da shekara sittin da takwas.

"Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana jan madarar wasu a kan ƙanƙara," ta ce. "Ranar Talata kaɗai yake zama wani. Ba zan ƙwace masa ba yanzu da ba ya da bakin magana. Kuma ba na son matan coci su riƙa kallo na suna girgiza kai, wai an yi ta bautar da ni. Ba wanda ya sa ni. Ina son yi ne."

Na ce to ta ɓoye rabin, ta ce Vern ya ji lissafi, kuma Vern kafinta ne, zai ƙirga. Sai na faɗi abin da ke cin raina tun ɗazu. Na ce Del ya san yadda kawunan suke. Shi ya ƙirga su, shi ya kira Vern, ba wani ba. Anya ba so yake a sani ba, tunda ya kasa faɗa da bakinsa?

Ta cire tabarau na sama ta dube ni. Ban taɓa ganin Marlys ta yi fushi ba sai ranar. Ta ce maganin asibiti ne ya yi magana, ba Del ba, kuma idan zan riƙa kawo mata irin wannan to in ɗauki tukunyata. Har yau ban san wanda ke da gaskiya a cikinmu ba, kuma ina zargin ita ma tambayar ta hana ta sakewa.

Ban ɗauki tukunyar ba. Washegari na dawo da fatar wasa wuƙa da guzurin haƙuri, don na lissafa: idanu ɗari da goma sha huɗu, a cikin sati bakwai da 'yan kwanaki, da yatsun da ba sa iya buɗe murfin kwalba. Ba zan iya yi mata ko ɗaya ba, nawa idon da ganinsa an san ba na gidan nan ba ne. Abin da na iya shi ne in wasa mata wuƙa, ko da yake kullum sai ta karɓa ta sake gyarawa, in dafa abinci, in ɗora ruwan ɗumi ta tsoma hannu kafin ta fara da bayan ta gama. A ƙungiya na ce ina taya ta kwashe tufafin Del. Na yi ƙarya a cikin ginin coci Talata bakwai a jere.

Labulen kicin ba mu taɓa ɗaga shi ba, saboda ƙanwar matar Vern ce ke zaune a gidan da ke kallon tagar, kuma matar nan ba abin da ke wuce ta. A ƙarƙashin rawayar fitilar nan muka yi komai.

Ranar da hannu ya yi daɗi takan yi idanu huɗu. Akwai ranakun da ko ɗaya ba ta iya ba, sai ta zauna da hannuwa a cikin kwano tana kallon kawunan, su ma suna fuskantar ta. Iccen ya tsufa ya bushe, ya yi tauri fiye da yadda ta saba, don a da Del na gamawa yake turo mata. Sau ɗaya wuƙa ta zame ta tsaga fatar idon wani mai kiwon shanu. Na ce shi ke nan. Ta yi tsaki, ta dube shi ta wannan gefe da wancan, ta mai da shi mai kashe ido ɗaya, ya fito ya fi sauran kyau. Sau ɗaya kuma wuƙar ta shiga babban yatsanta har sai da aka yi ɗinki uku. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya albasa take yankawa. Kwana biyu ta huta ta koma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take magana da su. Takan ɗauki kai ta duba kwanan watan ta ce wannan ranar da aka yi musu gyaran rufi ne, wannan satin da 'yarsu ta zo da mijin da Del bai so ba. Ta san dalilin da ya sa bakin wannan ya karkace, na wancan ya yi dariya. Da ta zo kan na lokacin yajin, su goma sha tara, sai ta daina magana. Ta yi su cikin kwana shida, aikin ya fi ƙarfin hannunta, kuma na ga tana share hanci da bayan safar hannu. Na tausaya mata har na rasa inda zan sa kaina, kuma duk da haka ina jin haushin sa.

Ranar Lahadi kafin Talatar ta gama na ƙarshe. Ta jera su duka a kan tebur muka tsaya muna kallo. Hamsin da bakwai, kowa da irin kallonsa: mai wayo, mai jin barci, mai neman faɗa. Ban taɓa ganin aiki mai kyau kamar wannan a wuri ɗaya ba, na kuma gaya mata. Ta ce in daina surutu in ɗauko jaridu mu naɗe su. Amma na ga fuskarta ta saki, karon farko tun Nuwamba.

Ranar Talata an yi rana mai haske bayan zubar ƙanƙara. Na ɗauko ta a motata da akwatuna huɗu. Ba wanda ya yi fashi ranar. Vern ya haɗa tebura biyu a ƙarƙashin dogayen fararen fitilun ɗakin, daidai inda hasken taga ke faɗowa, ya shiga warware jaridu yana jerawa yana ƙirgawa. Marlys ta wuce kusurwarta ta ɗora ruwa.

Kafin ya jera goma na ga abin. Iccen nan idan ya daɗe yana canza launi. Shekaru a gareji, da hayaƙin murhu, da maiƙon hannun Del, sun mai da kawunan ruwan zuma, wasu har sun yi duhu. Idanun kuwa fari fat, kamar dankalin da aka fere yanzu. A kicin, ƙarƙashin rawayar fitila, duk launi ɗaya muke gani. Ita ba ta taɓa yanka tsohon icce ba a rayuwarta, sabo ake ba ta, ta yi, ta rufe da fenti. Ni ce ya kamata in tuna. Shekara tara ina zaune da masassaƙa, abin da ake koya wa mutum a watansa na farko ne. Ban tuna ba, kuma ban yafe wa kaina ba.

Duk wanda ke ɗakin nan ya san sabon yanka idan ya gani. Duk sun san Del bai riƙe wuƙa ba tun Satumba. Wasu suka juya kawunan suna karanta kwanan wata. Surutu ya mutu a hankali, daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan, har ba ka jin komai sai tafasar ruwa a kusurwa.

Duane ne ya buɗe baki. "Kai, amma ai wannan yankan bai fi..."

"Duane," in ji Vern, bai ko ɗaga kai ba, "je ka ɗauko mana kujeru a sama."

"Ai ga kujeru nan."

"Ɗauko wasu."

Duane ya tafi. Vern ya ɗauki tsohon nan mai hular farauta ya kawo shi kusa da hanci yana kallo ta ƙasan tabarau. Ya daɗe. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zuwa na biyu ke nan. Sai ya miƙa hannu ya goga babban yatsansa a kan baƙar fatar wasa wuƙarsa, ya murza shi a kan idanun, ɗaya bayan ɗaya, har farin ya dushe ya bi launin fuskar. Ya ajiye a gabansa ya ce wannan nasa ne, kuma Del ya bar mana aiki, kowa ya zaɓa.

Haka suka yi. Kowa ya ɗauki nasa, kuma na ga yatsu suna murzawa a ɓoye, wasu a ƙarƙashin tebur. Aka koma zancen kaurin ƙanƙarar tafki da gishirin da ake zubawa a titi, da ƙarfi fiye da kima. Ba wanda ya dubi kusurwar gahawa. Da suka je ɗaukar kofi sai su dubi kofin, su yi mata godiya da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Ta zuba wa kowa, ta yanka kek, ta share ƙasa da aka tashi.

Ni kuwa sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na raina tsofaffin nan, ashe suna da kara. Da muka shiga mota na ce mata ta gani, an rufa asiri. Sun gane, amma ba wanda zai faɗa, ko Duane Vern zai ja masa kunne. Teburin bazara zai tsaya da sunan Del yadda take so. Na yi ta magana ina neman makulli a jaka.

Ta zauna da akwatin da ba komai a cinyarta tana kallon ƙofar cocin, inda suke fitowa ɗaya-ɗaya da kawunan a aljihun riga.

"Ko mutum ɗaya bai ce sun yi kyau ba," ta ce.

Na ce ai ba yadda za su faɗa, tunda...

"Na sani." Ta gyara akwatin. "Da can suna faɗa masa. Duk Talata. Vern ya ɗauka ya zage shi ya ce wane irin ido ne wannan, ni kuma ina can ina zuba gahawa ina ji. Shi ke nan abin da nake zuwa ji, Noreen. Yanzu sun san nawa ne, ba za su ƙara faɗa ba."

Na kunna mota na kai ta gida. Talatar da ta biyo baya ni na dafa gahawa, kuma ni ce nake dafawa har yau.